Alluna Arba'in da Idon Ruwa Ɗaya

Ni na kaɗa masa ƙuri'a, kuma ni na murɗa wa mutum biyu kunne suka kaɗa masa. Na faɗa tun daga farko don kada wani ya zo daga baya ya ce tsohuwa ta ɓoye nata laifin. Ɗan yayana ne, a bayana ya yi wayo, kuma tun yana rarrafe na san bakinsa yana riga ƙafarsa isa ko'ina.

Ƙungiyarmu ta kare filaye ce. Aikin ba shi da wani ado. Mu lallashi mai fili ya damƙa mana wurinsa, mu hana sara da haƙa, mu dasa itatuwa, mu jira. Shekara ashirin da biyu Baba A-Hankali yana shugabanci, muka tara eka casa'in. Ni ce mai lambun dashe. Ina da 'ya'yan itatuwa dubu goma sha biyu a cikin baƙaƙen ledoji, jere a ƙarƙashin rumfa, kuma duk ruwan da suke sha daga wata 'yar ƙorama yake zuwa, wadda idonta ke cikin kwarin Mai Zuma.

Kwarin nan shi ne maganar. Mai Zuma tsoho ne mai amya sittin, wanda a wuni ba ya kashe kalma goma. Shekara da shekaru Baba A-Hankali yana zuwa wurinsa duk mako, su zauna a kan kututture, su sha shayi, su kalli ƙudan zuma suna shige da fice, ya tashi ya tafi bai ambaci fili ba. A ɗaya gefen kuma akwai Mai Yashi, mai tifa uku, shi ma yana zuwa da nasa tayin. In tifa ta shiga kwarin nan, wata shida ya isa idon ruwan ya nutse, ni kuwa in zauna in kalli ledojina suna bushewa ɗaya bayan ɗaya. A farkon shekarar nan Mai Zuma ya buɗe baki ya ce kafin ruwan sama ya sauka zai yanke shawara. A daidai lokacin ne gwiwoyin Baba suka ce sun gaji.

Ranar zaɓe muka taru mu tara a ofis, ɗaki ɗaya mai taga ɗaya, da benci biyu da teburin da bulo ke tallafe wa ƙafa. Sai ga ɗan yayana ya shigo da madubin hangen nesa rataye a wuya, kamar akwai abin hangowa tsakanin bango da bango. Ya yi aiki a wani kamfanin talla a babban birni, har kamfanin ya ga gara ya ci gaba ba tare da shi ba. Ya iya rubuta wasiƙa, wannan ba zan hana shi ba, mu kuwa muna neman wanda zai rubuta wa masu ba da tallafi wasiƙar da za su karanta har ƙarshe. Da wannan na yaudari kaina.

“Iyayena,” ya ce, “shekara ashirin da biyu, eka casa'in? Kunkuru ma in an ba shi ofis zai fi haka. Abin da kuka rasa hangen nesa ne. Ku ba ni shekara guda, in ba ku eka dubu.”

Sakatariya, wadda malamar lissafi ce kafin ta yi ritaya, tana jan ɗan layi a gefen takarda duk sa'ad da ya ce hangen nesa. Da ya zauna ta nuna mini: sha tara. Tun daga ranar sunan Hangen Nesa ya bi shi, shi kuwa ya ɗauka kirari ne.

Baba A-Hankali ya miƙa masa makulli da hatimi, sannan ya warware taswira a kan tebur. Da hannunsa ya zana ta a kan faffaɗar takarda mai ruwan ƙasa. Filin da aka ba mu aka sa hannu, ya zagaye shi da koren biro. Filayen maƙwabta da muke gaisawa da su muna fatan wata rana, ya zagaye da fensir, siriri, yadda in magana ta lalace zai goge ba wanda ya ji kunya.

“Ɗana, ka ga wannan koren...”

“Baba, je ka huta da gwiwoyinka. Na karanta taswirar da ta fi wannan rikici.”

Ya naɗe ta ya kai shagon da ake kwafin takardu, aka faɗaɗa masa ita har ta cika bango. Ta asalin kuwa ya jefa ta bayan kabad, ya ce kayan tarihi ce.

Washegari ina tsakiyar ban ruwa ya aiko a kira mu. Muka same shi tsaye gaban bango da sanda a hannu.

“Eka nawa kuka ce muna da su?”

“Casa'in,” in ji Sakatariya.

“Ɗari shida da arba'in! Na auna da kaina. Shekara da shekaru kuna zaune a kan dukiya ba ku sani ba. Kwana ɗaya na yi a kujerar nan, ƙungiya ta ninka sau bakwai.”

Na matsa kusa na duba. Injin kwafi bai san kore ba, bai san fensir ba. Duk layin da ya samu ya mai da shi baƙi, mai kauri, kamar da gawayi aka ja.

“Kai, wannan layin fensir ne. Gonar mutane ce.”

“Gwaggo, ina fensir a nan? Duba da kyau. Ko in ara miki madubi?”

“Injin ne ya mai da shi baƙi.”

“Inji ba ya ƙarya, Gwaggo. Mutum ne ke da tsoro.”

“Ɗauko ta asalin mu gani.”

“Ba a komawa baya a wannan shugabancin.”

Na ce masa da baya nake goyon mutane, kuma na ga sakamakon. Ya yi dariya ya ce Gwaggo akwai barkwanci. Na koma wurin ledojina ina cewa in ya gaji da kallon bango zai sauko ƙasa. Wannan shi ne kuskurena na biyu.

Bayan kwana biyar mota ta sauke alluna arba'in a ƙofar ofis. Na ƙarfe ne, kowanne ya kai faɗin ƙyaure. A sama an rubuta sunan ƙungiya da ƙananan baƙaƙe. A ƙasa an rubuta: AN HARAMTA KIWO, SARA DA HAƘA. Tsakiya kuwa, wato kashi uku cikin huɗu na allon, fuskar Hangen Nesa ce, ya ɗora hannu a goshi yana kallon wani abu can da babu wanda ya taɓa gani. Ya ɗauko 'yan ƙwadago shida, ya ba kowanne kwafin taswira da guduma, ya ce duk inda baƙin layi ya bi a kafa.

Kafin la'asar Mai Kaji ta iso tana jan allo ɗaya a ƙasa kamar ta kamo ɓarawo. Mace ce mai kaji ɗari uku da muryar da ba ta neman lasifika.

“Ina mai wannan fuskar?”

“Ga ni, Hajiya. Barka da zuwa sabuwar...”

“Karanta mini nan.”

“An haramta kiwo.”

“A ina aka kafa shi?”

“Bisa ga taswira...”

“A tsakiyar akurkina! Na fito ba su tsaba na tarar da kai tsaye, hannu a goshi, kana leƙa mini banɗaki!”

“Hajiya, wannan alama ce ta duba gaba.”

“Gaban nan banɗakina ne!”

Ba ta gama ba sai ga Maginiya, mai ginin tukwane, hannunta duk yumɓu. An kafa mata nata a bakin ramin da kakarta ta fara haƙa.

“Shugaba, in na daina haƙa, da me zan gina tukunya? Da hangen nesa?”

“Za mu kafa kwamiti.”

“Kafa shi a gidanku, ka gaji da kafa abu a nawa.”

Masu ƙwallo ne kaɗai ba su kawo ƙara ba. Sun tarar da shugaba tsaye a tsakiyar raga, suka bar shi, suka ce ya fi golansu tare ƙwallo.

Da yamma na same shi yana shafa ciki kamar wanda ya ci ya ƙoshi.

“Gwaggo, jiya wa ya san da mu? Yau mutum sha ɗaya sun zo ofis da ƙafarsu.”

“Da sanduna suka zo.”

“Amma sun zo. Wannan shi ake kira wayar da kan jama'a.”

Bayan kwana uku Mai Kaji ta dawo, wannan karon da sallama. Ta ce ko akwai sauran allo biyu. Ta ɗora na farkon a kan rufin akurki, fuska tana kallon sama, kuma tun ranar shaho bai sake giftawa ba. Mai gonar da ke gefenta ma yana so saboda tsuntsaye. Hangen Nesa ya juya ga Sakatariya, ido yana ƙyalli.

“Malama, rubuta: buƙata ta ƙaru.”

Ni kuwa dariya ba ta zo mini ba, domin a ranar ne na ji cewa alluna biyar suna tsaye a kwarin Mai Zuma. Na ajiye bokitin ban ruwa na kama hanya.

Na tarar da Mai Yashi ya riga ni. Yana zaune a kan kututturen Baba, ya tuge allo ɗaya ya jingina shi a gaban tsohon, yadda ba zai ɗaga ido ba tare da ya ga fuskar ba.

“Inna, sannu da zuwa. Kin zo duba filinku?”

“Na zo duba kututture, na ji an ɗora masa tifa.”

“Ni dai ban kafa komai a filin mutum ba. Da sallama nake zuwa. Ku kuwa da guduma. Baba Mai Zuma, yau kana raye sun yi haka, ina ga ranar da ka kwanta dama?”

Mai Zuma ya daɗe yana kallon allon.

“Wane ne wannan?”

“Ɗan yayana ne. Sabon shugaba.”

“Me yake hange?”

“Wallahi shi ma bai sani ba.”

Ya kurɓi shayi. Ya kalli Mai Yashi, ya kalle ni, ya ce, “Asabar.” Daga nan ya koma kallon ƙudan zumansa, muka san an tashi.

Na koma ofis na rufe ƙofa na tsaya a jikinta.

“Yau ɗin nan za ka cire alluna biyar daga kwarin. Ranar Asabar zai faɗi wanda zai ba. Za ka sa riga marar ado, ka zauna a ƙasa, ka yi shiru.”

“Asabar? Madalla! Taro ke nan.”

“Wane taro?”

“Taron karɓar fili. Zan gayyato wakiliyar masu tallafi da jami'in gandun daji. Tsohon nan girmamawa yake nema, Gwaggo. Na san halin kwastoma.”

“Ba kwastoma ba ne, kuma bai ce zai ba mu ba.”

“A gaban jama'a kunya ba za ta bar shi ya ce a'a ba. Dabara ce, a littafi take.”

“Cire allunan.”

“An gama.”

Ya kuwa cire. Ranar Alhamis na leƙa kwarin na tarar biyar ɗin sun tafi, an kawo guda ɗaya da ya fi su duka in an haɗa. An kafa shi tsakanin itatuwa biyu a gefen idon ruwan, taku kaɗan daga amyoyi, an lulluɓe shi da shuɗin yadi har ƙasa.

“Kin ce in cire biyar, na cire biyar,” ya ce. “Wannan na buɗewa ne. Har sunan tsohon na sa a ƙasa.”

Na je wurin Baba A-Hankali na zazzage masa komai. Yana zaune ƙafa a cikin ruwan ɗumi. Ya saurara har ƙarshe, ya gyaɗa kai, ya ce, “A bi shi a hankali.” Na ce masa da a hankali aka bi shi tun yana yaro, shi ya sa muke nan.

Asabar da hantsi kwarin ya cika. An kafa rumfa, an jera kujerun roba. Wakiliyar masu tallafi ta zo da tabarau da ɗan littafi, mace ce da ba ta dariya sai ta tabbatar. Jami'in gandun daji ya zo da kakinsa a goge. An ɗauko Baba A-Hankali a kan babur aka zaunar da shi a gaba. Maƙwabta duk sun zo, ba don ƙauna ba, don kada a ba su labari. Mai Yashi ya ajiye tifarsa a bakin kwari, ya zauna cikin farar riga, takarda tana leƙowa daga aljihu. Mai Zuma ya ƙi kujera, yana kan kututturensa. Ni aka ce in kawo dashe ɗaya da bokitin ƙarfe, shugaba zai dasa a ɗauki hoto.

Hangen Nesa ya tashi da jawabi shafi tara. Turaren da ya fesa kuwa ya riga shi isa layin baya.

“Baƙinmu masu daraja! Mako biyu da suka wuce na karɓi ƙungiya mai eka casa'in. Yau ina tsaye a gabanku da eka ɗari shida da arba'in!”

Wakiliya ta ɗaga gira ta rubuta.

“Cire nawa!” in ji Mai Kaji daga baya. “Eka sittin ne da akurki.”

“Ɗari biyar da tamanin,” in ji Sakatariya, ba ta ko ɗaga kai ba.

“Hajiya, za a ba da lokacin tambayoyi...”

“Cire ramina da gonar da ke bayansa,” in ji Maginiya.

“Ɗari biyar da talatin da biyar.”

“Malama, ba a aji muke ba!”

“Cire tawa!” “Cire ta mahaifinmu!” “Filin ƙwallo a bar masa raga, a cire sauran!” Kowa ya ɗaga hannu ya faɗi nasa, Sakatariya tana ragewa da murya ɗaya kamar mai kiran suna. Wakiliya tana rubutawa tana sokewa, har ta juya shafi. Da hayaniya ta lafa ta tambaya, cikin ladabi, yanzu nawa suka rage.

“Casa'in,” in ji Sakatariya.

Na saci kallon Mai Yashi. Murmushi yake, yana shafa aljihu.

Wani da aka yi wa haka zai zauna. Ɗan yayana ya tsallake shafi huɗu ya ce, “Lambobi ba su ne ci gaba ba! Mu je ga babban abin da ya tara mu.” Ya nufi allon nan mai shuɗin yadi.

Ni ina kusa, na ji yadin yana wani irin gunji, ƙasa-ƙasa, kamar injin niƙa daga nesa. Mai Zuma ma ya ji. Ya ɗaga hannu ya ce, “Dakata.”

“Baba, kada ka ji kunya, ka cancanta!” in ji Hangen Nesa, ya fizge yadin.

In amya ta cika, rabin ƙudan zuman sukan tashi da sarauniyarsu su nemi inuwa su dunƙule, kafin su sami sabon gida. Waɗannan sun sami inuwar da ba su taɓa samun irinta ba. Sun dunƙule a kan allon, daga haɓar shugaba har ƙirjinsa, baƙi ƙirin, suna motsi. Ga fuska kamar ƙofar gareji, ga hannu a goshi, ga gemu mai rai har ƙirji.

Mai Kaji ce ta fara dariya. Kafin ka ce me kwarin ya ɗauka, har da masu riƙe ciki. Jami'in gandun daji ya juya baya kafaɗunsa suna rawa. Wakiliya ta tabbatar, ta cire tabarau tana share hawaye.

“Shugaba ya girma!” in ji Maginiya. “Mako biyu a mulki har ya tara gemu!”

Mai Zuma ya miƙe, ya yi magana mafi tsawo da na taɓa ji daga bakinsa. “Kada a taɓa su. Baƙi ne, masauki suke nema. Bari in kawo amya.”

Amma dariyar ta riga ta shiga ɗan yayana har ƙashi.

“Baba, bar wahalar da kanka. Ƙwaro kamar ma'aikaci ne, tsawa ɗaya yake jira.”

Ya naɗe jawabinsa ya yi sanda da shi, ya ɗaga, ya zabga wa haɓar kansa da ke jikin allon.

Gemun ya tashi gaba ɗaya.

Abin da ya biyo baya ban ga rabinsa ba, domin na zauna a ƙasa na ja mayafi na rufe kaina, kamar yadda duk mai hankali yake yi. Amma ta ɗan tsagin mayafi na ga jami'in gandun daji ya tsallake kujeru uku a tashi ɗaya. Na ga Mai Kaji ta naɗe kanta da shuɗin yadin tana birgima tana salati. Na ga Baba A-Hankali, wanda gwiwoyi suka sa ya ajiye mulki, ya wuce babur ɗin da ya kawo shi a guje. Mai Yashi ya faɗa gaban tifa ya ɗaga gilasai, sannan ya gane ya rufe kansa da ƙudan zuma huɗu a ciki. Tifar ta yi ta girgiza ita kaɗai, ƙarar odarta tana tashi tana mutuwa.

Shi kuwa uban taron, turarensa ya sa suka san inda za su. Ya zagaya rumfa sau biyu suna biye, ya kifar da tebur, ya yar da madubi, ya faɗa cikin idon ruwan ya durƙusa har wuya.

Mai Zuma bai yi sauri ba. Ya kunna ɗan tsumma a gwangwani, ya bi da hayaƙi, ya ajiye sabuwar amya a gindin itace, ya lalubo sarauniyar ya sa a ciki. Sannu a hankali gunjin ya koma wuri ɗaya. Mutane suka fara fitowa daga bayan itatuwa, kowa yana taɓa wani wuri a jikinsa.

Ƙofar tifa ta buɗe. Mai Yashi ya diro, leɓensa na sama ya kumbura har ya kusa toshe masa hanci, farar rigar ta zama abin tausayi.

“Wallahi ranar farko da na karɓi wurin nan,” ya daka tsawa, “fetur zan kwarara wa amyoyin nan in ƙyasta ashana! Ko ɗaya ba zan bari ba!”

Mai Zuma yana durƙushe gaban amya, ya juyo a hankali ya kalle shi. Kallon bai yi tsawo ba. Mai Yashi ya taɓa aljihu, ya taɓa leɓe.

“Baba, zafi ne ya sa. Wasa nake.”

Tsohon ya mai da kansa ga amya. Na ce a raina, Alhamdu lillahi, saura mu kada mu yi komai.

Sai na ji gyaran murya daga cikin ruwa.

Na juya. Ɗan yayana, ido ɗaya a rufe, kunne kamar faranti, ya fito da yatsa ɗaya sama. Na san wannan jan numfashin. Tun yana shekara uku na san shi.

“A matsayina na shugaba,” ya ce, “ni ma ina sanar da cewa waɗannan mugayen ƙwarin, daga gobe za mu...”

Ban san ina da sauran gudu a jikina ba. Na sunkuci bokiti, na taka dutsen bakin ruwa, na kifa masa a ka, na danna da hannu biyu. Sauran sanarwar ta ƙare a ciki, tana amo kamar maraƙi a rijiya.

Wakiliya ta matso da littafinta, kumatu ɗaya ya fi ɗaya. “Inna, me shugaba yake cewa?”

“Cewa yake daga gobe za mu dasa musu itatuwa masu fure, ɗari biyar, daga lambuna.”

Ta rubuta. Bokitin ya yi wani gurnani, na ƙwanƙwasa masa da zobe ya yi shiru.

Mai Zuma ya taso ya tsaya a kaina. Ya kalli bokiti, ya kalle ni.

“Ba abin da zai ce ke nan ba.”

“Ba shi ba ne.”

“Kullum kina kusa da shi?”

“Daga lambu zuwa ofis taku talatin ne.”

“In kin mutu fa?”

“Ni ma na iya kifawa,” in ji Sakatariya daga bayansa. “Shekara talatin na yi ina koyar da 'yan aji shida.”

Gefen bakin tsohon ya motsa. Ban ce dariya ba ce, amma danginta ce.

“Idon ruwan,” ya ce, “da bakin ƙorama, taku hamsin kowane gefe. Tudu da amyoyi suna hannuna. Ban yarda da shi a kansu ba.”

Da ba a yi wannan taron ba, na san kwarin duka zai ba mu, eka arba'in. Yanzu sha ɗaya ne. Na haɗiye sauran ashirin da taran, suka wuce mini da ɗaci, na ce, “Mun gode, Baba. Malama, takarda.”

Sakatariya ta zaro takardar da ta shekara tana yawo da ita a jaka, ta cike gurbin da biro. Aka waiwaya neman tebur, yana can kife da ƙafa uku.

“Ga tebur nan,” na ce.

Aka shimfiɗa takardar a gindin bokiti. Mai Zuma ya sunkuya ya sa hannu, a nutse, harafi bayan harafi. Jami'in gandun daji da wakiliya suka sa nasu na shaida. Saura na shugaba. Na ce, “Miƙo hannu.” Hannu ya fito daga ruwa yana lalube, Sakatariya ta goge shi da gefen mayafinta, ta saka masa biro, ta kai shi kan layi. Sannan ta hura wa hatimi iska ta buga, ƙwam! Teburin ya ce wayyo.

Can muka ji tifa ta tashi, ta juya, ta fita daga kwarin ba kowa a bayanta.

“Gwaggo,” in ji murya daga cikin bokiti. “An sa hannu?”

“An sa.”

“Na gaya miki a gaban jama'a ba zai ƙi ba. Ki shaida musu duk a cikin tsarina yake.”

“Zan shaida.”

“To ɗaga mini, akwai sauran shafi huɗu.”

Na dubi takardar, tawada ba ta gama bushewa ba. Na dubi Mai Zuma, bai yi nisa ba, kuma kunnensa garau yake. Na gyara tsayuwa, na ƙara dannawa.